Shekarar da Aka Ce Ina Gudun Ƙarfe

Akwai wani akushi a bakin ƙofar ɗakin gwajin maganaɗisu, inda kowane ɗalibi yake zuba makullansa da wayarsa kafin ya shiga. Ni na ajiye shi a wurin tun ina da ƙarfin hawa bene, kuma na ji labari har yanzu kuna zumɓura baki in aka ce ku zuba. Wani a cikinku ma wai cewa ya yi tsohon nan bai san na'urorin yanzu da kansu suke gyara kuskurensu ba. To madalla. Tunda kun ɗauka karatun Fiziks danna maɓalli ne a kwafi abin da ya fito, ku gyara zama in ba ku labarin yadda saura ƙiris digirina ya salwanta a wata gonar gyaɗa a Ajingi.

Na shiga kwalejin jami'a a Kudu saura 'yan shekaru Turawa su naɗe tabarmarsu. Gidanmu a Gaya yake. Asalinmu Barebari ne, amma mun daɗe ƙwarai, noma da fataucin kanwa muka gada. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, yayar mahaifina, Goggo Falmata, ita ta goye ni. Da aka zo ɗaukar yara makarantar boko dangi suka ce a ɓoye ni a rumbu, Baba ya ce a'a, a bar ni in je. Ya sha magana a kan wannan, kuma duk lokacin da na ƙara aji sai maganar ta ƙaru. Saboda haka ranar da na hau jirgin ƙasa zuwa Kudu na san ba ni kaɗai na hau ba, har da mutuncin Baba.

Aikin farko da malaminmu ya ba ni ba lissafi ba ne, zare ne. Wani Bature ne dogo, muna kiransa Mai Lofe saboda lofen taba ba ya rabuwa da bakinsa ko babu wuta a ciki. Ya miƙo mini silin alharini guda, wanda bai kai gashin kai kauri ba, ya ce in rataye masa ɗan guntun maganaɗisu da shi a cikin wani akwatin katako mai tagar gilashi. Kafin ka rataye sai ka ɗaura wa zaren nauyin tagulla, ka bar shi ya warware murɗin da ke jikinsa, in ba haka ba zaren zai riƙa juya maganaɗisun da kansa ya yi maka ƙarya. Numfashi mai ƙarfi ma tsinka shi yake yi. Na tsinka, na sake tsinkawa, har na fara tunanin ko fataucin kanwar ya fi dacewa da ni. Mai Lofe bai taɓa yi mini faɗa ba. In ya zo ya ga zare a tsinke sai ya miƙo wani, ya wuce.

Ga yadda abin yake aiki, tunda yawancinku ba ku taɓa ganin irinsa ba. Ƙasar nan da muke takawa ita ma babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas take duban arewa. In ka rataye ƙaramin maganaɗisu da zare, zai daidaita da jan ƙasa ya tsaya. A jikinsa akwai ɗan madubi. Kai kuma kana zaune nesa kaɗan, kana leƙa wani bututun hange, kana ganin hoton ma'auni a cikin madubin. Motsin da ido ba zai gani ba, a bututun sai ka ga lambobi suna wucewa. Bayan haka sai ka ɗan kaɗa shi ya yi lilo, kana ƙirga lilon kana duban agogo, don saurin lilon shi ke nuna ƙarfin jan. Dokar aikin guda ce, kada baƙin ƙarfe ya kusanci wurin. Shi ya sa akwatin katako ne da tagulla, agogon ma nesa ake ajiye shi.

A shekarar ƙarshe kowa sai ya yi aikin bincike, in babu shi babu digiri. Mai Lofe yana son sanin yadda jan ƙasa yake canzawa daga safe zuwa yamma a wurare daban-daban, sai ya raba wa kaɗan daga cikinmu akwatuna, ya ce kowa ya tafi garinsu da dogon hutu ya auna. Ni ne na fi kowa nisa zuwa arewa, don haka ya ce nawa awon ya fi matsuwa da shi. Na rungumo akwatin a cinya tun daga jirgi har Kano, daga nan a bayan babbar mota har Gaya, ban yarda ko kwandasta ya taɓa ba.

Na iso ana tsakiyar damina, gero ya kai gwiwa. Baba ya ba ni wata rumfa a bayan gida kusa da rumbuna. Na yi mata tsirara. Na fitar da fartanyoyi da lauje da gatari, na zare ƙusar da ake rataye igiya, na sa aka matsar da bokitin rijiya. Na kife tsohon turmi na binne rabinsa a ƙasa don akwatin ya zauna daram. Sannan na yi abin da aka koya mana a ranar farko, na ɗauki ɗan kamfas na bi ƙasa da rarrafe, lungu-lungu, ina duban ko allurar za ta karkace. Ba ta karkace ba. Kwanakin farko awon ya fito gwanin kyau, jan yana hawa in rana ta ɗaga, ya kai ƙololuwa wajen tsakar rana, ya sauko da yamma, kullum haka. Na ce ashe digirin ma a tafin hannuna yake.

Abin da ban lissafa ba shi ne mutane. Ɗan gida ya dawo daga Kudu, dole a zo gaisuwa, kuma a damina wa zai zo maka hannu rabbana? Kowa daga gona yake, fartanya a kafaɗa. Da na hango mutum sai in daka masa tsawa tun daga nesa: "Tsaya nan! Kada ka matso da fartanyar nan!" Wani dattijo abokin Baba ya zo da sandarsa mai ƙarfe a gindi, na ce ya jingine ta a bakin rijiya, ya dube ni ya juya, bai ko zauna ba. In kuma ina cikin ƙirga lilo, ko wa ya yi sallama ba na iya amsawa, don in ka ɗauke hankali ƙirgen ya tafi, sai ka faro daga farko. Ga shi da Turanci nake ƙirgawa, a hankali, leɓe yana motsi, ido ɗaya a rufe. Na cire bel, na bar takalmin makaranta, na koma taguwa da wando mai mazagi. Goggo ta kawo mini tuwo a tasa, na ce ta mayar ta zuba a akushi.

Ta tsaya da tasar a hannu tana kallona. "Bukar, tasar ma?"

"Ita ma, Goggo. Duk wani baƙin ƙarfe ba na son ya zo nan."

"Ba ka so," in ji ta a hankali. Ta koma ta juye a akushi.

Ba a yi mako ba awon ya lalace. Na zo da safe na leƙa, na ga lambar ta yi tsalle daga inda na bar ta jiya, tsallen da ƙasa ba ta yi. Na ce ko turmin ne ya motsa, na sake daidaita shi. Washegari ta yi tsalle ta wani ɓangaren. Wata rana ma na tafi sallar azahar na dawo na tarar da ita a wani wuri dabam. Na zargi zaren, na kwance na sake ratayewa da wanda na zo da shi na ajiya, shi ke nan ya rage mini. Na zargi zafi, na ƙara wa rumfar zana. Na zargi maganaɗisun ko ya bugu a mota. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san wannan ciwon, kayan aiki suna yi maka ƙarya ba ka san ta ina ba. Na daina cin abinci sosai, na rame, in ana hira a tsakar gida ni hankalina yana rumfa.

Ran nan bayan la'asar Baba ya kira ni zaure. Ba mai yawan magana ba ne, yana jan carbi ya ce, "Bukar, mutane suna magana. An ce ba ka amsa sallama, an ce kana surutai kai kaɗai da wani yare. Goggonka ba ta barci, ta ce iska ce ta taɓa ka a can Kudun."

"Baba, aiki ne fa. Ƙirge nake yi."

"Na ji. Ni na kai ka makarantar nan, kowa ya ce kada in kai, na kai. Amma ban kai ka don in rasa ka ba. In hutun nan ya ƙare ba ka dawo daidai ba, ba za ka koma ba. Akwai wani malami a Balan da yake yi wa masu irin wannan addu'a, can zan kai ka."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma tsorata, don Baba in ya faɗi magana ya gama. Yanzu abin ya zama biyu. In na ci gaba da aikin yadda ya kamata, a ce na haukace a hana ni komawa. In na bar aikin don a ga ina da hankali, in koma hannu wofi, babu digiri. Na ga mafita guda ce, in sami awo mai kyau da sauri, in rufe akwatin, in koma mutum kamar kowa. Sai na ce wa Baba gidan ne ya cika hayaniya, ya bar ni in je Ajingi wurin Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, in huta. Jin kalmar hutu ya sa ya yarda.

Kawu Sale yana da gonar gyaɗa nesa da gari, babu gida kusa, babu maƙera, babu hanyar mota. Na ce nan ne wurin. A gabana aka kafa rumfar, itace da kara da igiyar rama, ko ƙusa guda babu. Na sake bin ƙasa da kamfas, tas. Na kife turmin matarsa, na ɗora akwatin. Ranar farko da ta biyu awon ya dawo kamar na farkon zuwana Gaya, har na yi wa Kawu dariyar da ya ce rabon da ya ji irinta tun ina yaro. Rana ta uku na dawo daga cin abinci na leƙa, lambar ta yi tsalle.

Na zauna a ƙasa na dafe kai. A Gaya ina iya cewa gida ne, wani ya wuce da gatari ta bayan danga. Nan kuwa daga ni sai gyaɗa. Ke nan ko akwatin ne ya lalace a hannuna, ko kuwa ni ne ban iya ba, kuma duk biyun hanyarsu ɗaya. Kullum abin ƙara muni yake. Kawu yakan zo da hantsi ya tsaya nesa kamar yadda na roƙe shi, ya ce, "Yaya jikin?" in ce masa lafiyata ƙalau, ya gyaɗa kai ya ce, "Allah Ya ƙara sauƙi." Har na fara yi wa kaina tambayar da ba na so, ko dai su Goggo sun ga abin da ni ban gani ba.

A nan ne zan gaya muku abin da ba a rubuta a littafinku ba. Akwai ranar da za ta zo wa kowane mai awo, ya ga ya san yadda lambobin ya kamata su fito, ga fensir a hannunsa, babu mai kallonsa. Ina da awon kwanakin farko masu kyau, da na so da na ƙirƙiro sauran a zaune a inuwa, kuma da wuya a kama ni. Abin da ya hana ni, na san Mai Lofe zai haɗa nawa da na sauran ya gina magana a kai, ƙaryata ta shiga littafi ta zauna har bayan raina. Akwai kuma abin da yake yawan faɗa mana, in komai ya rikice kada ka tsaya gyaran tsakiya, koma aikin ranar farko ka sake shi kamar ba ka taɓa yi ba.

Ranar kasuwar Ajingi ce, gonaki babu kowa. Na ɗauko ɗan kamfas ɗin, ina jin kaina wawa, don da hannuna na duba ƙasar nan na ga babu komai. Na durƙusa na fara rarrafe. Ina isa gindin dirkar gabas sai allurar ta bar arewa ta juyo ta dubi dirkar. Na ja baya, ta koma arewa. Na matso, ta sake juyowa. Na sa hannu na tona, ƙasar ma a sake take, ban yi nisa ba na ci karo da ruwan tsohuwar fartanya, an naɗe shi a tsumma. Na bi sauran dirkokin, kowace da nata. Na sami guntun lauje a soke cikin jinka daidai saman kaina. Na sami ruwan gatari a ƙarƙashin tabarmar da nake zama, an binne an share wurin. Har gindin turmin an cusa wata 'yar wuƙa.

Ina tsaye a tsakiyarsu, ƙasa har gira, ƙarfe a kowane hannu, ina ƙyalƙyala dariya ni kaɗai, sai na ji kukan jaki. Na waiga na ga Kawu Sale a gaba, Baba a bayansa, Goggo a kan jaki. Ashe Kawu ya aika cewa jikin ba sauƙi, sun biyo 'yan kasuwa sun zo su wuce da ni Balan. In akwai ranar da na yi kama da mahaukaci a rayuwata, to ranar ce.

Baba ya tsaya cak. Goggo kuwa ba fuskata take kallo ba, hannuwana take kallo. Ta sauko daga jakin ba tare da an taimaka mata ba.

"Modu," ta ce da Baba, "duba, ya riƙe. Da hannunsa ya riƙe!"

Na ce, "Kawu, wa ya binne waɗannan?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Yo saƙon Yaya Falmata ne. Kwana biyu da zuwanka ta aiko, ta ce a kewaye ka da baƙin ƙarfe ba tare da ka sani ba, in ba a ga sauƙi ba a ƙara. Ni kuwa kullum na zo sai in ga abin gaba yake yi, to in ka tafi sallah sai in ƙara."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na san ana ajiye wuƙa a kan jariri, na ga an yi wa ƙannena, an ce iskoki ba sa son baƙin ƙarfe. Amma na bar gida tun ina ƙarami, daga wannan makarantar kwana sai waccan, ban taɓa kawo wa raina za a yi wa ƙato mai gemu ba. A wurin Goggo kuwa lissafin a fili yake. Yaro ya dawo daga baƙuwar ƙasa, ba ya amsa sallama, yana magana shi kaɗai, kuma ko tasa ba ya son gani. Ai ba shi ne yake gudun ƙarfen ba, abin da ya hau shi ne. Maganinsa ƙarfe. Duk wuƙar da ta ɓoye sai awona ya ƙara lalacewa, in ƙara birkicewa in ƙara korar ƙarfe, ita kuma ta ga ciwo ya ƙaru ta ƙara wata.

Na ce, "Goggo, a Gaya ma ke ce?"

"Wa zai yi in ba ni ba? Uwarka ta bar mini kai, in zuba ido ka lalace?" Ta nuna ƙarafan da ke hannuna. "Ɗan nan, ko wuƙar yankan kuɓewa ba ta rage mini a gidan ba."

Na ga magana ba za ta yi ba. Na kwashe ƙarafan na kai su can bakin gona, na dawo na bar maganaɗisun ya natsu. Na ce Baba ya ajiye 'yar wuƙar da ke ɗamararsa, ya zauna ya rufe ido ɗaya ya leƙa bututun. Ya yi ta fama kafin ya ce ya ga wasu zane-zane a tsaye. Na ce kada ya ɗauke ido. Na ba Goggo ruwan fartanya, na ce ta taho a hankali daga bakin rumfa. Ba ta yi taku da yawa ba Baba ya zabura.

"Kai! Sun gudu!"

Na ce, "Goggo, koma baya."

"Sun dawo. Yaya, sake matsowa. La'ilaha illallahu, sun sake gudu! Koma. Matso ta can ɓangaren."

Haka ya riƙa tura yayarsa gaba da baya, dattijo da furfurarsa, har ta gaji ta ce ita ba jakar kowa ba ce, ya tashi ita ma ta gani. Ta leƙa, Kawu ya zagaya da gatari. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta dubi akwatin, ta dube ni.

"Oh ni Falmata. Ashe ba kai ne ba ka son ƙarfen ba, wannan 'yar abar ce."

"Ita ce, Goggo."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ai na faɗa."

"Cewa ka yi ba ka so. Ba ka ce ita ba." Ta zauna a kan tabarmar ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne.

Baba ya yi hamdala ya fi a ƙirga. Ni kaina ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Akwatin lafiyarsa ƙalau, zaren lafiyarsa ƙalau, ni ma haka. Amma Baba bai bar ni haka ba. Ya ce, "To surutan fa, da sallamar?" Na bayyana masa ƙirgen lilo, na ƙirga masa da Hausa ya ji. Ya ce, "Na gane. Amma sallama ba a barinta a ƙasa, ko aikin wa kake yi. In ka gama ƙirgenka, ka tashi ka bi mutum har gida ka amsa masa." Da dattijon nan mai sanda na fara, kuma sai da na yi sawu biyu kafin ya sake mini fuska.

Muka koma Gaya. Goggo ta shiga rumfar bayan gida ta yi ta zaro kayanta daga inda ta ɓoye, wuƙaƙe, allurai a cikin zana, almakashi, har da wani tsohon kwado da ba a san inda makullinsa yake ba. Daga ranar ta naɗa kanta dogariya. Sai ta shimfiɗa tabarma a kan hanyar rumfar tana kaɗi, akushi a gabanta. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce, "Zuba abin da ke jikinka na ƙarfe a nan. Ba shi ba ne, 'yar abarsa ce ba ta so." Babu wanda ya isa ya yi mata gardama. In ta ga leɓena yana motsi sai ta ɗaga wa baƙo hannu, ta amsa sallamar a madadina kafin in fito.

Makonnin da suka rage kaɗan ne, amma awon da na samu a cikinsu ban taɓa samun mai tsabtarsa ba, har a ɗakunan gwajin da aka kashe wa dukiya. Na kai wa Mai Lofe duka, mai kyau da marar kyau, kowane na rubuta dalilinsa a gefe. Ya karanta ya kai wurin ruwan fartanya, ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce masu kyaun sun ishe shi, marasa kyaun kuma kada in yar, in nuna wa ɗalibaina wata rana. Da wannan aikin na sami digirin, shi ya buɗe mini hanyar ƙarin karatu, shi ya kawo ni ɗakin da kuke zumɓura baki a ƙofarsa.

Saura abu guda. Da zan taho Goggo ta ba ni sabuwar riga da ta sa aka ɗinka mini, fara, mai aiki a wuya. Ranar da na mayar da akwatin ita na sa. Mai Lofe ya ɗora shi a teburin gwaji yana leƙa bututun don ya tabbatar ban lalata masa kaya ba. Na sunkuyo in nuna masa sabon zaren da na rataye, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Akwai ƙarfe a jikinka." Na ce babu. Ya ce in ja baya, na ja. Ya ce in matso, na matso. Ya ce, "Akwai." Na laluba aljihu, babu komai. Na bi wuyan rigar da yatsa, can ta baya, a cikin kalmasa, na ji wani abu siriri mai tauri. Allura ce, an karya tsininta don kada ta soke ni, an ɗinke ta da farin zare.

Da na je hutu na gaba na nuna mata ita. Na ce, "Goggo, ba kin gani da idonki ba?"

Ba ta ko daina kaɗinta ba. Ta ce, "Na gani, na kuma yarda. Amma a nan ina ganinka. Can wa zai duba mini kai?"

Allurar tana nan a 'yar jakar fata a aljihuna. Duk shekarun da na yi ina koyarwa, ita nake fara ajiyewa a akushin nan in zan shiga, in na fito kuma ita nake fara ɗauka. Saboda haka ku zuba makullanku ku daina ƙorafi.